Rumbun Mai Shi

Bari in fara da wautar da na yi, tunda duk ƙauyen an riga an sani, kuma in ban faɗa da bakina ba wani zai faɗa ya ƙara gishiri.

Ranar Juma'a ce cikin bazara, ana zafin da ko ƙadangare sai ya roƙi inuwa. Da aka tashi daga lekol, makarantarmu ta boko a Tahoua, ban biya ta gida ba, na haye motar 'yan kasuwa mai zuwa wajen Barmou, kamar yadda na saba in zan je wurin Kaka, mahaifin Innata. Wayata tana aljihun mushe, wato malaminmu, tun da safe, ya ƙwace ta don na sa ta yi kukan jaki ana tsakiyar darasi. Duk kiran da Inna ta yi ta yi mini, aljihun mushe ne ya amsa. Ni kuma ban taɓa shiga gidan Kaka ta ƙofa ba. Ta baya nake zagayawa, in taka gindin rumbu in dira tsakar gida don in razana tsofaffin. Da ta ƙofa na bi, da na ga maza jere a kan tabarmi, da na gane.

Na dira, na buɗe murya iya ƙarfina: "Ina tsohon nan mai ƙin mutuwa? Yau ma ba ka tahi ba? Hito, mai gadon matarka ya iso!"

Haka muke gaisawa tun ina ƙarami, wasan jika da kaka ne. Shi kuma yakan amsa daga inuwar bedi, itacen dogon yaro: "Ɓarawon hura, sai na ga hurhurarka tukuna."

Ranar ba wanda ya amsa. Tsakar gidan cike take da mata, kowace ta juyo tana kallona baki buɗe. Na ga Inna a cikinsu, ita da na baro Tahoua da safe tana wanki. Ta dafe kai da hannu biyu. Sai Tsohuwa, kakata mace, wadda nake ce wa matata, ta ɗago ido daga bakin ɗaki ta miƙo mini hannu.

"Taho nan, maigidana," ta ce. "Yau kam ya ji maganakka."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. An ce wai na yi dariya tukuna kafin in fara ihu. Ban tuna ba, amma ban musa ba.

Bai yi ciwo ba, abin da ya gigita kowa ke nan. Da safen nan ya kwaɓa laka, ya hau tsani yana liƙe tsagar rumbu kafin ruwa ya sauka. Ya sauko, ya jingina da rumbun, ya ce Tsohuwa ta kawo mishi ruwa. Kafin ta dawo da moɗa ya tafi. Da na shiga na gan shi, lakar ba ta gama bushewa a gefen farcensa ba.

Liman, abokin gardamarsa tun suna samari, ya ƙi yarda sai da ya shiga ya taɓa shi. Ya fito yana cewa, "Jiya-jiya munka rabu, bai gama ba ni amsa ba. Wane irin mutum ne wanga?" kamar Kaka ya yi mishi rashin kunya. Buzun da ke kiwon awakinsa ya iso da rana tsaka a ƙafa, ya ja rawani har ido, ya zauna a gindin rumbun. Kawu Babba, bahagon gidanmu, ya yi kuka da murya kamar yaro. Kawu Ƙarami bai yi kuka ba, ya ɗauki diga ya tafi da samarin masallaci suka haƙa kabari. Fasto ya zo daga Tahoua a kan moto, wato babur, ya yi addu'a, Liman yana tsaye a gefe da carbi. Wata mai sayar da ƙuli ta zo gaisuwa ta ce, "Allah sarki, marowacin nan ya tahi," sannan ta fashe da kukan da sai da aka riƙe ta. Mata suka yi ta mamakin kukan. Ni ban yi ba, na san dalili.

Ga wanda bai san shi ba: Kaka Kirista ne a ƙauyen da kusan kowa Musulmi ne. Ya je cin rani kudu yana saurayi, ya dawo da Littafi Mai Tsarki da tabo a ƙafa. 'Ya'yansa suka rabu ba tare da faɗa ba. Inna da Kawu Babba suka bi shi, Kawu Ƙarami ya bi masallaci. Ranar Salla Kaka ne ke fara aika ni karɓo nama, ranar Kirsimati Kawu Ƙarami ne ke yanka akuya.

Maganar rowa kuwa, wallahi in ka gan shi ba za ka ga laifin masu faɗa ba. Takalminsa na tayar mota ya girmi birnin Tahoua. Rigarsa ta sha faci har asalin ƙyallen ya ƙare, facin ne ke riƙe da faci. In mata sun gama sussuka sai ya durƙusa yana tsince ƙwayar hatsi ɗaya-ɗaya, kajin gidan suna kallonsa da baƙin ciki. Wata rana na zubar da guntun fura don ta yi tsami. Bai doke ni ba. Ya kai ni gona da rana, ya miƙa mini haiwa, abin noman nan mai doguwar ƙota, ya ce in nome wurin da zai fid da hatsin furar da na zubar. Na ce ai hatsinmu ne.

"Namu?" ya ce. "Kai ka yi ruwan sama? Kai ka yi ƙasa? Ni dai ban yi ba. Jiran kaya anka ba ni. Mai jiran kaya ba shi zubar da kayan mutane."

Wannan ita ce maganarsa, safe da yamma. Gona ta Mai Shi ce, wato Allah, awaki na Mai Shi ne, har jaki. Ranar Lahadi jakin gidanmu ba ya aiki, wai shi ma an rubuta mishi hutu. Na taɓa cewa jakin ya fi ni gata a gidan nan. Ya ce jakin bai taɓa zubar da fura ba.

In an zo girbi ba ya bari a yanke gefen gona. Sai ya bar kunya-kunya a tsaye ta wajen hanya, abin da ya faɗi kuma ba a komawa a tsince, na masu kala ne. Ya ce haka ya karanta. Shi da ke tsince ƙwaya a tsakar gida, shi ne ke barin zangarniya a gona. Na daɗe ina ganin kamar tsufa ne ya taɓa mishi kai.

Gardamarsu da Liman kuwa kullum a kan dami take. Liman zai ce, "Ka hidda zakka, dami guda cikin goma?" Kaka ya ce, "Na hidda. Amma ku gudan kuke lissahi. Ni duka goman nasa ne, kuma taran da Ya bar mini su Zai hi tambayata." Liman ya ce, "Mu ma haka anka hwaɗa muna, kai dai ka cika surutu." Daga nan sai su raba goro, gobe su sake daga farko.

Rumbu uku ne a bayan gidan, na laka, masu ciki kamar tulu, bakinsu a sama. Ɗaya na ci, ɗaya na ajiya saboda shekarar da ruwa ya ƙi. Na ukun shi ne ake ce wa rumbun Mai Shi. Mutanen gida sun ɗauka suna ne kawai irin na Kaka, tunda komai ma haka yake kiransa. A ƙauye ba a leƙa rumbun maigida, ko 'ya'yansa manya ba sa yi. Shi kaɗai ke hawa, in kuma ƙugu ya gaza sai ya zura yaro. Ni ne yaron, don ni siriri ne kamar karan dawa. Ni kaɗai na san abin da ke ciki. Zangarniya ce zaɓaɓɓiya, manya-manya, wadda yake warewa da hannunsa tun a gona. Iri ne. In na tsaya a ciki bayan girbi, hatsin yakan kawo mini wuya.

Kowa ya san abin da ke faruwa a ƙarshen rani. Rumbu ya ƙare, yara suna kuka, sai gida ya daka irin da ya ajiye ya ci. Ruwan farko ya sauka, maƙwabta su fita da sungumi, kai ba ka da abin zubawa a rami. Abin kunya ne da namiji ba ya faɗa ko ga ɗan'uwansa.

To washegarin ruwan shuka, Kaka yakan tashe ni da sassafe in shiga rumbun. Shi kuma ya shimfiɗa buzu can gefe, ya juya wa hanyar baya ƙeya, ya kifa malfa a fuska, ya hau minsharin ƙarya mai tayar da kaji. Sai ka ga ana zuwa ɗaya bayan ɗaya ta bayan gida, yawanci mata, da ƙwarya a ƙarƙashin zane. Ba sallama, ba godiya. In miƙo zangarniya, a karɓa, a wuce. Ban san yadda labarin ya fara yawo ba, na dai tarar ana yi.

Shekarar farko na fito da zumuɗi na ce, "Kaka, ka san wa ya zo? Har da..."

Ya toshe mini baki da hannu mai warin taba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ni ban gani ba don kada in gamu da mutum a kasuwa in ji ina bin shi godiya. Ba nawa na ba shi ba. Kai ka gani don ba yadda za a yi. Duk ƙaryar da kaka so ka yi a duniya, je ka yi. Amma sunan wanda ya zo nan, in ya hito bakinka, ni da kai mun ɓata."

Ku da ba ku san ni ba, ba za ku gane nauyin wannan ba. Ni ne na ce na ga kura a kan moto a hanyar Takanamat. Ni ne na ce mushe ya yi atishawa allo ya tsage. Magana ba ta kwana a cikina. Amma wannan ta kwana, shekara da shekaru.

Sau ɗaya na ga sun yi faɗa sosai da Kawu Babba, bara waccan da hatsi ya yi tsada. Kawu ya ce a gina rumbu na huɗu, babba, a riƙa tarawa sai farashi ya hau a kai Tahoua. Kaka ya fara ba shi labarin nan na cikin Littafi, na mutumin da gonarsa ta yi albarka ya rushe rumbunansa ya gina manya, ya ce wa ransa ya huta, ashe kwanansa ya ƙare. Kawu ya katse shi: "Baba, ni ma ina zuwa majami'a, na san labarin. Littahin nan kuma shi ya ce mutum ya kula da gidansa. Jikokinka na tahiya Libiya ɗaya-ɗaya kana ba ni labari." Daga baya Kaka ya ce mini, "Kawunka bai yi ƙarya ba." Amma bai gina rumbun ba.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarsa, ina cikin rumbun ina gyara dammuna, ya leƙo ta sama ya ce, "Ɓarawon hura, in na riga ruwa tahiya, wanga ba gado ba ne. Ka buɗe shi kamar kullum." Na ce, "Kai da ba ka mutuwa?" Muka yi dariya. Ba kowa a wurin sai ni da jaki.

Da aka tashi daga zaman makoki aka zauna rabon gado a ƙofar gida. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas a kwanakin. Liman da Fasto suka zauna tabarma ɗaya, dattawan ƙauye a gefe, mata a bayan zana suna ji. Aka yi maganar gona, aka yi ta awaki, lafiya lau. Da aka zo rumbuna Kawu Babba ya ce a raba duka ukun. Bai ɓoye dalilinsa ba. Babban ɗansa ya riga ya haɗa jaka zai bi hamada, shi kuma yana so ya sayar da rabonsa ya saya mishi moto ya yi kabu-kabu a Tahoua, ya zauna inda uwarsa za ta riƙa ganinsa.

Na tashi na faɗi abin da Kaka ya ce.

Wani ya yi dariya. Kawu Babba ya ce, "Wa ya hwaɗa? Mai kura bisa moto?"

"Kawu, wallahi gaskiya nika hwaɗi."

"Kullum gaskiya kaka hwaɗi. Baba da ba shi ba kaza ƙwaya, shi ne ke rabon iri? To mun ji. Wa anka ba? Kira mini mutum guda. Guda tak, in bar rumbun."

Na duba tabarmin nan. Rabin dattawan da ke zaune, na san ƙwaryar gidajensu, har wadda aka ɗinke da zare na sani. Wani yana kallon ƙasa, wani ya shiga gyaran hula. Sunaye suka taru mini a baki kamar gudawa ta matsa. Suna ɗaya kawai, rumbun ya tsira. Inna tana leƙe ta zana tana yi mini alama da ido, in dai da gaske nake in faɗa. Na tuna hannun nan mai warin taba.

Na ce, "Ba ni hwaɗi."

"Kun gani ko?" in ji Kawu. "Zamna, yaro."

Na zauna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ta ma fi ta ranar da na dira tsakar gida. Na yi ƙarya sau dubu an yi dariya an wuce, ranar da na faɗi gaskiya ita ce aka kira ni maƙaryaci a gaban gari. Liman ya buɗe baki zai ce a raba.

Sai murya ta fito daga bayan zana. Matar Kawu Babba ce, wadda ko sunan mijinta ba ta faɗa, ko tari ba ta yi in maza na zaune.

"Maigida, irin da ka shuka bara, daga ina kaka tsammani ya hito?"

Kawu ya juya kamar an mare shi. "Ba wanda na rataya a ɗaki ba ne?"

"Wancan mun cinye shi tun kahin ruwa, lokacin da kana Tahoua neman aiki. Ban iya hwaɗa maka ba. Na ɗauki ƙwarya na zagaya ta baya. Yaron ga shi ya miƙo mini, Baba na kwance da malhwa a huska. Bai taɓa sanin ni ce ba."

Ba wanda ya motsa. Hatsin da Kawu Babba ya ci shekara guda, wanda yake taƙamar ya fi na kowa tsawon zangarniya, daga rumbun da yake so a sayar ya fito. Liman ya daɗe yana kallon carbinsa, sannan ya ce a hankali, "Ba ita ɗai ba." Bai ƙara ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Zan so in ce daga nan kowa ya rungumi kowa, in da ƙarya nake so in yi. Ba haka aka yi ba. Liman ya ce rabon irin ya tabbata, amma wasiyyar yaro ɗaya ne ya ji ta, ba za a hana magaji haƙƙinsa da ita ba, sai dai kowa ya yi abin da zuciyarsa ta ba shi. Fasto ya ce shi ma haka ya gani. Tsohuwa ta ce ba ta taɓa cin abin rumbun nan ba, ba yau za ta fara ba. Inna ta bar nata. Kawu Ƙarami ya ce, "Amana ce, ku bar ta inda take." Washegari Kawu Babba ya zo da amalanke, ni na shiga na miƙo mishi rabonsa. Yana karɓa yana kallon jaki, bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Ruwan shuka ya sauka ba da daɗewa ba. Inna ta roƙar mini izini a lekol na je. Da sassafe na hau tsani, sai na ga Kawu Ƙarami ya fito daga masallaci, ya ɗauko buzun Kaka da malfarsa, ya kwanta ya juya baya. Minsharinsa bai kai na Kaka ba, amma ya yi ƙoƙari. Aka yi ta zuwa. Tun rana ba ta yi zafi ba irin ya ƙare. Na share ƙasan rumbun da tafin hannu na ba wata. Waɗanda suka zo bayanta suka tsaya suna kallon bakin rumbun, na leƙo na girgiza kai, suka mai da ƙwarya ƙarƙashin zane suka juya. Na san su duka. Akwai gonakin da ba a shuka ba bana sai da aka makara, na kuma san dalili. A cikin rumbun na yi kukan Kaka na gaske, inda ba mai gani.

Ɗan Kawu bai tafi Libiya ba. An saya mishi tsohuwar moto mai tari kamar ta sha taba, yana kabu-kabu a Tahoua, wani lokaci ya kai ni lekol kyauta. In na ga uwarsa tana dariya ranar da ya je gida, ba na iya cewa Kawu ya yi laifi. Ba na kuma iya cewa bai yi ba. Da Kaka yana nan da na tambaye shi, da ya ce in je in ba jaki ruwa.

Allah ya ba shi hutu wurin Mai kayan da ya yi wa jira. Na rubuta wannan ne don kada a ce marowaci ne ya mutu a ƙauyenmu.

Bayan girbi Kawu Ƙarami ya bar gefen gona a tsaye. Ni da shi muka zaɓi zangarniya, Inna ta aiko da nata. Wata safiya kuma na tarar da dammuna jingine a gindin rumbun, ba wanda ya ce shi ya kawo. Na san ɗaurin kowane ɗaya, har da wani ɗaurin bahago da na sani tun ina ƙarami, amma ba zan faɗa ba. Muka zuba duka, na shiga na tsaya a tsakiya. Hatsin ya kawo mini gwiwa.